Hannun da Aka Riƙe a Shagon Furanni

Sunan jariri ne ya kai ni Shikago. Ɗan yayata, wanda ya daɗe yana aiki a can, Allah ya ba shi ɗan fari, uwarsa kuwa ciwon gwiwa ya hana ta doguwar tafiya, sai dangi suka ce ni in je in tsaya a madadinsu. Na sauka cikin watan Nuwamba, lokacin da itatuwa suka gama kaɗe ganye, iskar da ke tasowa daga tafkin Michigan tana ratsa riga uku ta isa ƙashi. Aka yi suna lafiya, aka ci aka sha, na gaisa da Hausawa da Yarabawa da mutanen Gana da na Sudan har hannuna ya gaji. Kwana biyu bayan haka uban jaririn ya ce sai ya zaga da ni gari kafin in koma.

Muka shiga jirgin ƙasa na jan layi, muka fito daga ƙarƙashin ƙasa a mahaɗar titin Chicago da titin State. Tafiya kaɗan sai ga wani tsohon coci na farin dutse da ya soma yin ɗorawa, mai doguwar hasumiya guda. Holy Name sunansa, shi ne babban cocin Katolika na birnin, an gina shi bayan gobarar 1871 da ta cinye garin.

"Kawu, tsaya nan," in ji shi. "Yanzu juya wa cocin baya."

Na juya. Tsallaken titi wani dogon bene ne na gilashi, sabo fil, hawa sama da saba'in.

"A ƙarƙashin wancan benen akwai wani shagon furanni a da. Nan aka kashe wani mutum yana cikin gaisawa. Ya miƙa hannu, wanda ya karɓa ya ƙi saki, biyu suka buɗe masa wuta."

Ban ce komai ba. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji, don shekaranjiya na wuni ina miƙa wa baƙi hannu, kuma tun muna yara aka koya mana cewa wanda ka yi musabaha da shi ya amintu da kai, kai ma ka amintu da shi. Daga ranar na canja tsarin sauran kwanakina. Yaron ya yi niyyar kai ni gidajen tarihi da kantuna, ni kuwa na ce sawun mutumin nan za mu bi. Sunansa Dean O'Banion, shagon kuma shi ne na Schofield, lamba 738 a titin State ta Arewa. An rushe shi tun 1960, wurin ya daɗe yana filin ajiye motoci kafin a dasa benen da na gani.

Washegari muka taka da ƙafa muka nufi yamma, zuwa unguwar da ya tashi. Ba ɗan birni ba ne asalinsa. A wani ƙaramin gari mai suna Maroa, cikin gonakin jihar Illinois, aka haife shi ranar 8 ga Yuli 1892, iyayensa 'yan asalin ƙasar Ayalan. Tarin fuka ya kashe mahaifiyarsa a 1901 yana ɗan shekara tara, sai uban ya kwaso shi suka dawo Shikago, suka sauka a unguwar talakawa da ake kira Kilgubbin. Mutanen gari kuwa Ƙaramar Jahannama suke ce mata, saboda harshen wutar wata masana'antar iskar gas da ke haska samanta da dare, da kuma irin rayuwar da ake yi a ciki. Daga baya a nan aka gina gidajen gwamnati na Cabrini-Green, su ma aka rushe dogayen benayensu, na ƙarshe a 2011. Abin da na tarar gidaje ne masu tsabta, da filayen ciyawa da aka kewaye da waya, da wata mata tana tura keken jariri. Na tsaya a bakin wani fili ina ƙoƙarin hango maraya ɗan shekara tara a wurin. Yana rera waƙar ibada a cocin nan na Holy Name. Taragon titi ya taɓa bi ta kan ƙafarsa, ya bar shi da ɗingishi har ya mutu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗanda suka fara ba shi aiki. Ba ɓarayi ba ne, manyan gari ne. A shekarun nan jaridun Shikago suna yaƙin kasuwa a tsakaninsu, Tribune a gefe guda, jaridun attajiri Hearst a ɗaya gefen, kowanne yana ɗaukar samarin unguwa haya su je su lakaɗa wa mai sayar da jarida duka in ya kuskura ya baje ta abokin hamayya. O'Banion da abokansa na titin Market sun yi wannan aiki. Daga nan sai 'yan siyasa suka ga amfaninsu ranar zaɓe. Duk wanda ya san bangar siyasa ba ya bukatar a yi masa bayani: a tara samari marasa aikin yi, a ba su na kashewa, su kori masu zaɓen wancan, su cika akwatin wannan, in an kama su kuma waya ɗaya ta isa a sake su. O'Banion ya yi aikin kai abinci yana waƙa a wata mashaya, ya koyi fasa akwatin ƙarfe na ajiyar kuɗi. Sau biyu kacal ya shiga gidan yari, duka na 'yan watanni, tun yana saurayi. Abokan nan nasa na ƙuruciya, Hymie Weiss da Vincent Drucci da George Moran da ake wa laƙabi da Bugs, su ne suka zama na hannun damarsa har ƙarshe.

Sai ga dokar hana giya. Amurka ta yi wa kundin tsarin mulkinta gyara na 18, ya fara aiki ranar 17 ga Janairu 1920: ba sarrafa barasa, ba safararta, ba sayar da ita. Ni da addinina ya haramta mini giya ba zan ce waɗanda suka nemi dokar ba su da hujja ba. Mata ne da yawa a gabansu, waɗanda suka ga albashin miji yana ƙarewa a mashaya, duka kuma yana biyowa gida. Amma an rufe shagon ne, ƙishirwar tana nan, kuma wanda aka ɗora wa tsaron ƙofa shi ma mai sha ne, ga ƙaramin albashi. Cikin ƙanƙanen lokaci sana'ar da a da take hannun masu lasisi ta koma hannun masu bindiga. O'Banion ya fara da tare motocin wasu yana kwace musu kaya, ya koma shigo da wuski daga Kanada ta fasa-ƙwauri, ya sa hannu a masana'antun giya. Arewacin birnin, har da unguwar masu kuɗi ta bakin tafki, ya zama nasa. A 1921 ya yi aure, matarsa Viola Kaniff, ya kuma sayi hannun jari a shagon furannin. Kuma ba fakewa kawai yake yi da shi ba, ya iya aikin, yana son sa. Da rana yana ƙasa da almakashi yana gyara fure, ofishin gungunsa yana saman benen. Duk ɗan dabar da aka kashe a garin, wurinsa ake zuwa odar furannin jana'iza.

Masu ba da labarinsa suna son ambaton cewa ya hana buɗe gidajen karuwai a yankinsa, yana zuwa coci, yana taimakon talakawan unguwa. Na yarda ya yi. Amma shugaban 'yan sandan Shikago na lokacin, Morgan Collins, ya ɗora masa alhakin ran mutum akalla 25, kuma ko sau ɗaya kotu ba ta same shi da laifin kisa ba. A farkon 1924 ya harbi wani alƙalin dambe, Davy Miller, a tumbi, a ƙofar gidan wasan kwaikwayo na La Salle, jama'a suna kallo. Mutumin ya rayu, maganar ta shiririce. A ƙarshen shekarar, ana gab da zaɓe, 'yan jam'iyyar Democrat suka shirya masa liyafa a otal ɗin Webster, da manyan jami'an gari da na 'yan sanda a kan tebur, aka ba shi kyautar agogo mai tsada don ya riƙe musu mazaɓun 42 da 43. Ya karɓi agogon, ranar zaɓe ya juya wa 'yan Republican ƙuri'un.

Irin wannan halin ne ya kai shi ƙasa. Kudancin birnin yana hannun Johnny Torrio, ɗan Italiya mai sanyin magana, da yaronsa Al Capone. Torrio ɗan kasuwa ne a tunaninsa. Ya raba garin gunduma-gunduma, kowa ya ci nasa, kada a zubar da jinin da zai jawo idon hukuma. Yarjejeniyar ta yi 'yan shekaru tana aiki. Masu ɓata ta su ne 'yan gidan Genna, 'yan'uwa shida daga tsibirin Sisili, waɗanda suka raba wa talakawan unguwar titin Taylor tukwanen dafa barasa a cikin ɗakunan kwanansu suna biyan su dala 15 a rana. Abin da ke fitowa mugun abu ne mai araha, suka riƙa tsallakawa da shi arewa suna karya wa O'Banion farashi. Ya kai ƙara wurin Torrio, bai ga an yi komai ba. Sai ya ƙulla tasa. Ya ce ya gaji, zai bar sana'ar, Torrio ya sayi rabonsa na masana'antar giya ta Sieben a kan dala dubu 500. Ashe ya riga ya san 'yan sanda za su kai sumame wurin. Da asubahin 19 ga Mayu 1924 suka dira, aka kama su duka. Ga O'Banion laifin farko ne a ƙarƙashin dokar, tara ce kawai. Ga Torrio na biyu ne, ɗauri ya hau kansa, wata tara aka yanke masa daga baya. Kuɗin kuma ba a mayar ba. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Nasa ya zurfafa shi, ya ƙara da kiran Angelo Genna a waya a farkon Nuwamba, yana ba shi mako guda ya biya bashin caca na dala 30,000 da sauran abokan hulɗa suka so a yafe.

Mutum ɗaya ne ya tare masa mutuwa duk tsawon watannin nan, Mike Merlo, shugaban ƙungiyar 'yan Sisili ta birnin, wanda ba ya son a yi kisan. Ciwon daji ya ɗauke Merlo ranar 8 ga Nuwamba. Odar furanni ta dubban daloli ta yi ta kwarara shagon Schofield, baƙin fuskoki suna shiga suna fita, ba wanda zai yi mamaki.

Na koma bakin titin nan ni kaɗai wata safiya, wajen ƙarfe sha ɗaya da rabi, daidai lokacin da abin ya faru ranar Litinin 10 ga Nuwamba 1924. Na jingina da ƙarfen matakalar cocin ina kallon tsallake. A ranar O'Banion yana ɗakin baya yana datse furanni, wani ma'aikacin shagon, baƙar fata mai suna William Crutchfield, yana shara. Mota ta tsaya, mutum uku suka shigo. O'Banion mutum ne da aka sani da yawo da bindiga uku a aljihunan da tela ya ɗinka masa musamman, kuma ba ya sake jiki da baƙo. Amma ya fito da almakashi a hannun hagu, ya tambaye su ko furannin Merlo suka zo ɗauka, ya miƙa na dama. Na tsakiyan ya kama ya riƙe gam. Harsashi shida: biyu a ƙirji, biyu a maƙogwaro, biyu a fuska. Ya faɗi cikin furanninsa yana da shekara 32. Waɗanda aka fi danganta wa aikin su ne Frankie Yale daga Niyok, wanda ya riƙe hannun, da John Scalise da Albert Anselmi, maharban gidan Genna. Ba a hukunta kowa ba.

Na daɗe a tsaye har yatsuna suka ƙage. Na san mutumin nan azzalumi ne, na san shi ya fara cin amana. Duk da haka na kasa raba zuciyata da wannan hannun. Sun rasa ta inda za su same shi sai ta ɗan guntun mutuncin da ya rage masa, wato ba a hana mai makoki hannu, ba a kuma tarbar mai ta'aziyya da bindiga.

Sanyi ya kora ni cikin cocin. Na cire hulata kamar yadda na ga maza suna yi, na zauna a bencin baya. Ba kowa sai tsofaffi biyu-uku. Da na ɗaga kai, can sama a gaba, sai na ga wasu jajayen huluna masu faɗi da tuntaye suna rataye daga rufi. Al'adarsu ce, in Kadinal, wato babban limamin Katolika, ya rasu a rataye hularsa a bar ta har ta ruɓe. Ɗaya daga cikinsu ta George Mundelein ce, mutumin da ya hana a shigo da gawar O'Banion cocin nan da ya yi waƙa a cikinsa yana yaro, ya kuma hana a binne shi a tsarkakakken ɓangaren maƙabarta. A duk manyan garin da labarin ya ratsa ta kansu, shi ne na ga ya ce a'a.

Sauran kuwa sun halarta. An ajiye gawar kwana uku a gidan shirya gawa na John Sbarbaro, wanda a lokaci guda mataimakin lauyan gwamnati ne mai gabatar da ƙara. Akwatin na azurfa da tagulla, dala 10,000. Furanni cikin mota 26, har da kwando guda daga Capone. Dubban mutane suka cika tituna, alƙalai da 'yan majalisar birni suna cikin masu rakiya. Torrio da Capone da 'yan gidan Genna duk sun zo, suka tsaya suna fuskantar Weiss da Drucci da Moran.

Da na fito, na tarar da wata motar masu yawon buɗe ido ta tsaya a bakin cocin. Mai yi musu jagora ya sha irin hular 'yan dabar da, yana kwaikwayon ƙarar bindiga da baki, mutane suna dariya suna ɗaukar hoto. Suka taru a kusurwar ginin, inda dutsen tushen ginin yake, kowa yana cusa yatsa cikin wani ɗan rami da ake cewa gurbin harsashi ne. Raina ya ɓaci. A daidai wurin da suke tsaye Hymie Weiss ya faɗi ranar 11 ga Oktoba 1926, yana ɗan shekara 28, aka yi masa ruwan wuta daga tagar wani ɗakin haya da ke maƙwabtaka da shagon furannin. Shi ya gaji gungun, ya kuma rantse sai ya rama. Sun harbi Torrio a ƙofar gidansa a Janairun 1925, ya sha da ƙyar, ya miƙa wa Capone komai ya bar garin. Cikin wata biyu na wannan shekarar aka kashe 'yan gidan Genna uku, Angelo da Mike da Tony. Ɗan sanda ya harbe Drucci a 1927. An kashe Yale a Niyok a 1928. Sai 14 ga Fabrairu 1929, a wani garejin titin Clark, aka jera mutum bakwai na ɓangaren Moran a jikin bango aka harbe su, cikinsu har da makanike John May da ya zo gyaran mota. Bayan wata uku aka tsinci gawar Scalise da Anselmi. Mun je titin Clark ɗin, garejin an rushe shi tun 1967, ciyawa ce da 'yan itatuwa kusa da gidan tsofaffi. Ba mu jima ba. Dokar hana giyar kanta sai 5 ga Disamba 1933 aka soke ta.

Ana gobe zan tashi, yaron ya ɗauki hutun rabin yini ya tuƙa mu zuwa Hillside, yamma da birnin, tafiyar kamar rabin awa, inda maƙabartar Mount Carmel take. Wuri ne mai faɗi ƙwarai, da titunan mota a ciki, sunayen Italiyawa ko'ina, kaburbura da yawa da ɗan hoton mamacin manne a jikin dutse. Muka fara cin karo da na Capone, kusa da ƙofa. Shi bai mutu da harsashi ba, ciwo ne ya kashe shi a Florida a 1947 bayan ya yi zaman kurkuku kan kin biyan haraji. A kan ɗan dutsensa mutane sun bar sulalla da guntayen sigari da wata ƙaramar kwalba. Ciyawar wurin duk ta mutu saboda sawu.

Na O'Banion sai da muka yi ta zagaye. Wata biyar bayan binne shi aka tone shi aka mayar da shi tsarkakakken ɓangaren, bisa naciyar matarsa. Dogon dutse ne mai tsini, da sunan gidansu, da kalma biyu da Viola ta sa aka sassaƙa, ma'anarsu masoyina. Weiss yana cikin maƙabartar nan, Drucci ma, 'yan gidan Genna ma, duk tafiyar 'yan mintoci tsakaninsu.

"Kawu, kamar tausayinsa kake ji," in ji yaron.

Na ce ina jin tausayin ɗan shekara taran da aka kawo birni ba uwa, manyan gari suka ga ƙarfinsa suka yi hayarsa. Na ce kuma tun da muka shigo nake duba duwatsun nan ina tunanin mutum 25 ɗin da Collins ya ƙirga, da mai sayar da jaridar da aka fasa wa kai a kan kwabo, da wanda ya sha barasar titin Taylor. Su ma a garin nan aka binne su, wasu watakila cikin wannan filin, mun wuce su ba mu sani ba.

Ya yi shiru, ya gyara mini wuyan rigar sanyin da ya ara mini. A gindin dutsen ba fure ko ɗaya, busassun ganyaye ne iska ta tara. Wani ma'aikaci yana can nesa da injin hura ganye a bayansa, ya ɗaga mana hannu yana nuna agogo. Ƙarfe huɗu ta wuce, rana ta yi ja a kan kaburbura, a wannan watan magariba ba ta kai ƙarfe biyar. Muka koma mota da sauri don mu samu inda za mu yi alwala da ruwan ɗumi.